Kaya sun yi, amma bos yana share mu: yaya ake shiri?

Tambaya: Mu bakwai ne abokai a nan Kano, muna buga wasan intanet na Albion Online, biyar a waya biyu a kwamfuta. Idan muka shiga kogon ƙungiya yaran da ke hanya, wato ƙananan abokan gaba, ba sa ba mu wahala, amma da mun isa gaban bos, babban dodon kogon, sai ya share mu. Mun tara azurfa, kuɗin wasan, mun sayi kaya masu tsada, ba ta canja zani ba. Yanzu har an fara cacar baki, kowa na cewa laifin wane ne. Yaya ake shirya wa wannan faɗan?

Amsa: Ƙanena, ku tsayar da sayen kayan nan tukuna, ku adana azurfarku. Na daɗe ina jan ƙungiya a irin waɗannan wasanni, daga World of Warcraft zuwa Final Fantasy XIV zuwa Albion ɗin da kuke bugawa, kuma da wuya ka ga ƙungiyar da ta wuce yaran hanya salin alin sannan rashin kaya ya kayar da ita a gaban bos. Abin da ke kayar da ita shi ne mutum ɗaya ya faɗi, aikin da ke hannunsa ya rasa mai yi, sauran su bi shi ɗaya bayan ɗaya. A Kano kuwa mutum ɗaya sai ya faɗi, ko da bos bai taɓa shi ba. Sabis zai ɗauke masa, ko wuta, ko a kira shi a waya, ko Hajiya ta aike shi. Turawan da kuke kallo a YouTube suna shirya yadda za su yi faɗan su biyar. Ku sai kun shirya yadda za ku ci gaba da shi idan ɗaya ya ɗauke.

Akwai yadda ake gane ko kaya ne matsalar. Ku lura da irin mutuwar da kuke yi. Idan duk kuna tsaye da ƙafafunku har faɗan ya ja, ƙarfin mai warkarwa ya ƙare, ko bos ya haukace ya fara kisa da duka ɗaya, to ƙarancin duka ne, kuma nan ne kaya ke da ta cewa. Manyan bos da yawa a World of Warcraft da Final Fantasy XIV agogo gare su, idan ya cika ba a kashe su ba sai su haukace. Lissafin ba shi da wuya. A ce, misali kawai, jinin bos 3,000,000 ne, agogonsa minti 6, wato sakan 360. Kashi ɗaya cikin biyar na lokacin zai tafi a guje-guje, saura sakan 288. Ke nan ana buƙatar wajen 10,400 a kowane sakan, idan masu duka biyar ne kowa ya kawo 2,080 da 'yan kai. Wanda bai kai ba, shi za a duba makaminsa. Amma idan tun a minti na farko ko na biyu kuke zubewa, jinin bos ko rabi bai sauka ba, to ko kowa ya sa T8, matakin kaya mafi girma, daga hula har takalmi haka za ku zube, sai dai kuɗin gyara ya ƙaru. Daga yadda ka kwatanta, taku mutuwar ta biyun ce.

Bos ba ya tunani. An rubuta masa abin da zai yi, wani bisa agogo, wani bisa yawan jinin da ya rage masa, shi ya sa ake haddace shi kamar karatu. Kowa ya kalli bidiyon faɗan kafin ranar, amma ba kowane bidiyo ba. Mai warkarwa ya nemi wanda mai warkarwa ya ɗauka, tanki, wato mai tare dukan bos, ya nemi na tanki, don abin da kowa ke gani a sikirin ɗinsa daban ne. Kuma ku guji bidiyon gwanayen da suka gama da shi cikin ƙiftawar ido, ƙarfinsu ya tsallake rabin abin da zai same ku. Ku nemi na waɗanda suka sha wuya kafin su ci. Daga nan madugunku ya ɗauki biro da takarda ya rubuta hare-haren bos ɗin, ya ware wanda ke share kowa, da wanda ke kashe mutum ɗaya, da wanda mai warkarwa zai iya shanyewa. Na ƙarshen ku manta da shi a yanzu. A gaban kowane hari mai kisa a rubuta alamar da ke riga shi zuwa, ɗaga hannu ne, ƙara ce, ko jan zane ne a ƙasa, sannan a rubuta sunan wanda zai tare shi. Takardar ba za ta cika rabin shafi ba, idan ta wuce haka an cika surutu.

Sai rabon aiki. A World of Warcraft, wanda ya fito tun 2004, ƙungiyar mutum 5 tanki ɗaya ce da mai warkarwa ɗaya da masu duka uku. A Final Fantasy XIV ƙaramar ƙungiya mutum 4 ce, cikakkiya kuma 8: tanki biyu, masu warkarwa biyu, masu duka huɗu. A can wasan da kansa yake tilasta tsarin idan ka bi layin neman abokan tafiya. Albion bai tilasta komai ba, abin da ka sa shi ne kai, don haka abokai bakwai sukan iso ƙofar kogo kowa da makamin da ya fi burge shi, shida masu sara da harbi, ɗaya an lallaɓa shi ya riƙe sandar warkarwa. Taron tsintsiya ba shara ke nan. Ku da kuke bakwai, ni da zan tsara ku, tanki ɗaya, mai taya shi ɗaya, masu warkarwa biyu, masu duka uku. Za ku ce duka zai yi kaɗan. Zai yi kaɗan, faɗan zai ɗan ja, amma za ku kai ƙarshensa ku ga abin da bos ke yi a can, wanda har yau ba ku taɓa gani ba. In kun haddace shi sai ku rage mai warkarwa ɗaya.

Maganar mai warkarwa ita ce inda na fi ganin ɓarna. Al'adarmu a ba sabon shiga sandar, ko ƙanin wani, ko wanda wayarsa ta fi rauni, a ce ai shi ba ya buƙatar gudu, tsayawa kawai zai yi a baya. Wannan juya abu ne a kan kansa. Mai duka bos kaɗai yake kallo da ƙasan ƙafarsa. Mai warkarwa yana kallon jinin mutum shida, da nasa ƙarfin da ke raguwa, da ƙasan ƙafarsa, da bos ɗin, kuma dole ya san abin da ke tafe kafin ya iso, don babbar warkarwa ba bayan duka ake fara ta ba, ana fara ta ne yadda za ta sauka tare da dukan. Saboda haka wanda ya fi kowa nutsuwa da sanin faɗan, kuma layinsa ya fi na kowa tsayawa, shi ne mai sanda. Cikin biyun nan naku masu kwamfuta, ɗaya ya karɓe ta, tunda zaɓar mutum cikin cunkoso ya fi sauƙi da linzami a kan ɗan yatsa a gilashi. In ya ce shi ba ya jin daɗinta, a yi karɓa-karɓa mako-mako, amma kada a mayar da ita horo.

Tanki aikinsa biyu ne da ake yawan mantawa da na biyun. Riƙe hankalin bos kowa ya sani. Na biyun shi ne ajiye shi wuri ɗaya, fuskarsa tana kallon bango, bayansa yana wajen jama'a. Tankin da ke zagaye da bos yana neman tsira da kansa shi ke watsa wa mutane harin da aka yi don shi kaɗai. Masu duka kuma su ba shi sakan uku ko huɗu ya kama kafin su buɗe wuta. Wanda ya yi gaggawa bos ya juyo kansa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, sai dai a nan ba bakinsa kaɗai ke ƙonewa ba, don mai warkarwa zai bar tanki ya bi shi.

Yanzu ga abin da bidiyon Turawa ba zai gaya maka ba. Sabar Albion ta Turai, wato babbar kwamfutar da wasan ke gudana a kanta, wadda aka buɗe a Afrilun 2024, tana Amsterdam. Duk taɓawar da ka yi a wayarka sai ta sauka Legas, ta shiga wayar ƙarƙashin teku, ta haura Turai, sannan amsa ta biyo hanyar ta dawo. Haske a cikin irin wannan waya yana tafiyar wajen kilomita 200,000 a sakan. Wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ce, zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan. Ƙara Kano zuwa Legas, wajen kilomita 1,000, ƙara Fotugal zuwa Amsterdam, ka riga ka taɓa milisakan 100 tun kafin a lissafa eriyar unguwarku da na'urorin da ke hanya. Wannan ba laifin kamfanin layi ba ne, nisa ne. 5G da ta shigo Kano a 2022 tana rage jinkirin da ke tsakaninka da eriya, amma ba ta matso da Amsterdam kusa da Kurna ba. Idan kuwa a sabar Amurka kuka buɗe, nisan ya fi haka, kuma kafin ku yi shawarar ƙaura ku sani ba a ɗaukar ɗan wasa daga wata saba zuwa wata, daga farko za ku soma.

Me wannan ke nufi a gaban bos? Abin da kake gani a sikirin ya riga ya faru, kuma matsawar da za ka yi sai ta yi tafiya kafin saba ta yarda ka matsa. Haɗa da kusan rubu'in sakan da idon mutum da yatsansa ke ci kafin su amsa. Shi ya sa za ka rantse ka fita daga jan zanen, ka ga kanka a waje, amma ka mutu. Ba ƙarya kake ba, a wayarka ka fita, a Amsterdam kana ciki. Maganinsa kada ka jira zanen ya cika. Ka matsa da ganin alamar farko, tun bos yana ɗaga hannu, kuma kada ka kuskura ka ce bari in ƙara sara ɗaya. Bajamushe yana da sararin wannan saran, kai ba ka da shi. Haka ma katse tsafin bos: a ba wanda jinkirinsa ya fi ƙanƙanta, kuma ya danna tun a farkon tsafin.

Sannan lambar jinkirin ba ita ce abin tsoro ba, rawarta ce. Mutumin da ke kan milisakan 180 ba ta motsi zai saba, hannunsa zai koyi riga lokaci. Wanda tasa ke 130 yanzu, anjima 600, ba abin da zai koya. Kowa ya gwada layinsa a daidai lokacin da za ku yi wasan, a daidai ɗakin da zai zauna, don layin da ke gudu da hantsi ba shi ne na ƙarfe tara na dare ba, lokacin da duk unguwa ta hau TikTok. Akwai kuma ranar da ba dabarar da za ta yi, kamar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku da dama suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma intanet ya rikice a ƙasashe da yawa. Irin wannan rana a ɗage, a je a sha shayi.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke kisa. Kira yana shigowa layin da kake jan data da shi, datar ta tsaya ko ta yi ƙasa, don haka wanda ke da waya biyu ko 'yar na'urar wayifai ya ja daga can, wayar wasan a hana ta karɓar kira. A watan Afrilu da Mayu da zafin Kano ke taɓa 40, waya tana ɗaukar zafi sai ta rage wa kanta gudu don kada ta lalace, hoto ya fara tsalle daidai lokacin da bos ya cika fili da wuta. Caji ana wasa yana ƙara mata zafi. A cika ta tun da yamma, a cire mata riga, a sauke kyan hoto zuwa ƙasa, a zauna kusa da fanka. Fawabanki na gaske a Farm Centre ya fi muku amfani a kan sabuwar hula a wasan. Masu kwamfutar tebur ba inbata, su ne suka fi kowa haɗari, wuta na ƙiftawa sun tafi. Kuma kowa ya buɗe wasan da rana ya ga ko akwai sabuntawa da za a sauke, ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk da haka wani zai ɗauke. To a nan ne takardar nan ta madugu take buƙatar suna na biyu a gaban kowane aiki. Ka taɓa tsayawa ka kalli ranar zuba dakin, leburori sun yi layi daga wajen kwaɓa kankare har saman bene suna miƙa kwano? Mutum ɗaya ya fita daga layi ba a tsaya taro, na kusa da shi ne ke buɗe ƙafa ya cike gurbin, don kankare ba ya jira. Haka ake so. Idan tanki ya sandare, mai taya shi ya riga ya san nasa ne, ba sai an ce masa ba, shi ya sa tun a gari zai sa sulken ƙarfe ya zaɓi dabarar tsokana a jikinsa, tunda ba a canja kaya ana tsakiyar faɗa. Idan babban mai warkarwa ya ɗauke, na biyun ya bar kowa ya koma kan tanki, masu duka kuma kowa ya sha maganin da ke jakarsa ya ja da baya. Mai katse tsafi yana da na bayansa. Shi kansa madugu yana da wanda zai karɓi magana in muryarsa ta yanke.

Ga wani abu da mutane ba sa kawowa a rai: mutum da madadinsa kada su rataya a igiya ɗaya. Idan masu warkarwarku biyu suna ɗaki ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi suna jan wayifai ɗaya, to mai warkarwa ɗaya gare ku. A raba su, ɗaya a wannan kamfanin layi ɗaya a wancan, in da hali ɗaya yana Hotoro ɗaya yana Kabuga, yadda ba lallai wuta ta ɗauke musu tare ba. Zama wuri ɗaya yana da daɗi, ana jin juna ba jinkiri, ana ganin sikirin ɗin juna, amma in za ku yi shi ku zo da layi biyu.

Kuma ku gwada abin da gangan. Ku shiga wurin da kuka riga kuka fi ƙarfinsa, a yankin da ba a kwashe kayan wanda ya faɗi, ana cikin faɗa madugu ya kira sunan mutum ɗaya ya ce ajiye waya. Ya ajiye, ya ƙirga ashirin, sauran su riƙe. Karon farko za ku ga abin dariya, mutum biyu sun ruga aiki ɗaya, wani aikin ba kowa. Gara ku gan shi a nan.

Murya kuma ɗaya ce. Ko Discord kuke ko kiran WhatsApp, da an ja bos kowa ya yi shiru sai madugu, sai kuma tanki da mai warkarwa idan abin ya shafi rai. Discord ya fi, don yana da tsarin da sai ka danna ake jin ka, ba za a riƙa jin janareton maƙwabta da kukan yara da mai tallan awara ba. Kowa ya sa abin kunne, in ba haka ba muryar madugu za ta fita ta lasifikar wani ta dawo masa. Kalmomin kira a yanke su tun kafin a shiga, gajeru, kuma kowace ma'anarta ɗaya. Hagu da dama suna rikita mutane idan an kewaye bos, gara a ce ƙofa da bango, ko a bi gabas da yamman taswira. Ga yadda sakan ashirin na faɗa mai kyau ke sauka a kunne: “Zai ɗaga. Watse. Dawo. Yara ta ƙofa, mai baka naka ne. Mai guduma, katse. Ya wuce, na biyu shirya. Haɗu a bayansa. Yanzu, duka.” Ba wayyo, ba wa ya yi wannan, ba tambayar me ya faru. Wanda ya mutu ya faɗi kalma ɗaya, na faɗi, ya kama bakinsa. Matattu sun fi kowa surutu a wasannin nan, tunda hannunsu ya huta.

Akwai bidiyon nan na World of Warcraft da ya zagaye duniya a 2005, na Leeroy Jenkins, inda ƙungiya ke tsaye tana dogon lissafin yadda za ta shiga wani ɗaki, shi kuma ya dawo bai ji komai ba, ya ƙwala sunansa ya afka, aka kashe su kaf. Ko da yake daga baya masu shi sun ce shirya shi suka yi, kowa shi yake zagi. Ni ina ganin masu dogon bayanin ma da nasu. Bayanin da ya wuce minti biyu a ƙofar bos ba mai riƙe shi. A yi dogon a rukunin WhatsApp da rana, a ƙofa a tambayi kowa ya faɗi aikinsa da bakinsa, jimla ɗaya. Wanda ya yi in'ina, ka gano inda za a zube tun ba a shiga ba.

Lokaci kuwa, bayan Isha'i. Faɗan bos ba a tsayar da shi, kuma ba daidai ba ne a sa mutum zaɓi tsakanin jam'i da abokansa. Magariba a Kano tana yawo tsakanin shida da bakwai, Isha'i tsakanin bakwai da 'yan mintuna zuwa takwas da 'yan mintuna, don haka takwas da rabi ko tara tana yi duk shekara. Da azumi sai bayan tarawihi. Agogon Albion na UTC ne, wato agogon duniya na bai ɗaya, mu muna gaba da shi da awa ɗaya kullum. In kuna da baƙo daga Jamus ko Faransa, ku tuna su suna tura agogonsu gaba daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, mu ba ma taɓa namu, don haka a riƙa rubuta lokaci da UTC. A yanke lokacin tashi ma. Bayan awa biyu hannu ya gaji, masu makaranta da masu buɗe shago a Kwari da safe sun fara hamma, abin da ke biyo baya sai asara da faɗa.

Abinci da magani ba su da dogon bayani. A Albion abinci yana aiki minti 30, farfesun nama yana ƙara duka, wainar ƙwai tana rage jiran dabara, sanwici yana ƙara jini, kowa ya ɗauki wanda ya dace da aikinsa ya ci a ƙofar bos, ba a bakin kogo ba. A gyara kaya kafin a bar gari. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne haɗa ƙarfi lokaci ɗaya. A World of Warcraft akwai dabarar da ke ƙara wa kowa sauri da kashi 30 na tsawon sakan 40, kuma ba a sake cin moriyarta sai bayan minti 10, don haka ƙungiya kan zauna ta yanke a wane zango za a kashe ta. Ku ma manyan dabarunku kada kowa ya harba nasa da ya ga ya dawo. A ajiye su sai zangon da ya fi kisa, a sauke su tare a ƙetare shi da wuri. Na kariya kuma akasin haka, a jera su ɗaya bayan ɗaya, kada biyu su tafi a kan hari guda.

Idan an share ku, kada a koma nan take, kada kuma a buɗe kotu. Mutum ɗaya ya riƙa ɗaukar bidiyon sikirin ɗinsa, mai kwamfuta zai fi, don ɗauka na ƙara wa waya zafi. A koma baya a nemo wanda ya fara faɗuwa, sannan a ƙara komawa sakan goma kafin faɗuwarsa. Sau da yawa abin da za ka gani shi ne wannan: mai baka ya tsaya a zane, jininsa ya yi ƙasa, mai warkarwa ya juya kansa, a daidai nan babban duka ya sauka a kan tanki ba kowa a bayansa. Kowa ya ga tanki ya faɗi, kowa ya zagi mai warkarwa, alhali abin ya faro ne daga taku biyu da mai baka bai yi ba. Ba don a kunyata shi ake nema ba, don a san me za a canja ne. A canja abu ɗaya kawai a sake shiga. In kun canja uku kuka ci ko kuka faɗi, ba za ku san wanne ya yi aiki ba. Gyaran da ya shafi mutum ɗaya kuma, musamman in ya girme ka, a same shi shi kaɗai bayan an tashi.

Ganima ita ce ke raba abokai, fiye da shan kashi. Tun zamanin EverQuest a 1999 ƙungiyoyi suka fara ba da maki ga duk wanda ya halarci kisan bos, mutum ya sayi ganima da makinsa, don dai a kashe wannan rigimar. Ku ba ku buƙatar tsari mai nauyi haka. Ku yanke kafin a shiga: duk abin da ya fito a zuba wuri ɗaya, a fara cire kuɗin gyara da abinci da magani, a mayar wa wanda ya rasa kaya, sannan a raba saura daidai. Tanki da mai warkarwa kasonsu ɗaya da na mai duka, ko da lambar dukansa ta fi ta kowa tsawo. Wanda layi ya yanke masa bayan an fara, a wajenmu kasonsa cikakke ne. Wanda bai zo ba bai kuma aiko da uzuri ba, ba shi da komai. Ma'aji ya zama daban da madugu, ya ɗauki hoton akwatin da zarar an buɗe ya tura rukuni, ya sake tura hoton ciniki bayan ya sayar a kasuwa. Kada kuma wani ya ce zai cike giɓi da sayen azurfa a hannun 'yan bayan fage da naira, dokar wasan ta hana kuma ana rufe asusu a kai.

Duk wannan ku yi shi a yankin shuɗi da rawaya na taswirar wasan tukuna, inda ba a kwashe kayan wanda ya faɗi. A ja da baƙi wasu 'yan wasa za su iya biyo ku cikin kogo, kuma wanda aka kashe an kwashe duk abin da ke jikinsa. Ranar da kuka ga kun isa ku shiga can, mutum ɗaya daga cikin bakwai ɗin ya zama ɗan leƙen asiri a bakin ƙofa da kaya masu araha, shi ma yana da izinin magana a kowane lokaci. Kowa ya bar kaya na biyu a banki a gari, a yanke hanyar komawa tun kafin a fito, ganimar kuma a raba ta jaka biyu, masu ɗaukar su kada su jera a hanya.